Baban Aji Ya Zaɓi Abokiyar Jarrabawa

A jami'a Baban Aji suke ce masa, kuma ba don girmamawa kaɗai ba. Duk ajin babu mai furfura sai shi, har malaman da ke shigowa yi musu lacca wasunsu ya haife su. A firamaren da yake koyarwa kuwa Malamin Aji Biyar ne, sunan da ya bi shi tun kansa na baƙi, don shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa barin ajin nan ba. Ɗaki ne mai taga uku, ɗaya ba ta rufuwa, da allon da tsakiyarsa ya koɗe don yawan gogewa, sai dai a raɓa rubutu gefe-gefe. Nan ya tsufa. Ya san bencin da ƙusarsa ke yaga wando, ya san inda rufi ke yoyo, ya kuma san uban kowane yaro, don galibi uban ma ta hannunsa ya wuce.

Turancinsa Turancin allo ne. Ka ba shi alli, ya rubuta maka jimla babu kuskure ko na ɗigo, da rubutu mai kyau kamar na inji. Amma ka tare shi a hanya ka jefa masa tambayar da bai shirya mata ba, sai ka ga ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai sama yana lalube kamar wanda ya manta inda ya ajiye makulli. Ba laifinsa ba ne. Shi ma daga allo aka koya masa, kuma ba wanda ya taɓa zama ya yi hira da shi cikin harshen nan. Umarni aka ba shi da Turanci, shi ma umarni ya ba yara.

Sai wasu masu zama a ofis mai sanyi, waɗanda ba su taɓa share majinar yaron wani ba, suka wayi gari suka ce duk malamin da ba shi da digiri ya je ya nemo, in wa'adi ya cika babu, ya ba da wuri. Ba su tambayi wa ya koya musu haɗa baƙi ba. Abokan aikinsa da yawa suka kaɗe riga suka kama wata sana'ar. Shi kuwa ba shi da gona, ba shi da shago, hannunsa ban da alli bai iya riƙe komai ba, kuma ko a mafarki bai taɓa ganin kansa a wajen ajin nan ba. Ya shiga karatun yamma. Da safe ya tsawata wa yara, da yamma ya zauna a benci a tsawata masa.

In ya dawo gida yana jan ƙafa, maiɗakinsa takan tare shi tun daga ƙofa.

"Ɗalibi, an taso? An ba ku aikin gida, ko in kira autanka ya taya ka?"

"Yi ta yi," yakan ce, yana cire takalmi. "Ranar da na sa rigar nan mai faɗi ta bikin kammala digiri, ke za ki fi kowa washe baki a hoto."

"Allah Ya nuna mana. Ni dai kada su mayar mini da kai aji ɗaya."

Dariya suke yi, amma su biyun sun san ba abin dariya ba ne.

Darussan nan duk ya haye su da hadda. Abin da aka rubuta a takarda ba ya gagarar Malam, in ya sa kansa sai ya haɗiye shi har da lambar shafi. Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, wadda jami'ar ta ce ba mai karɓar digiri sai ya ci ta. Kashi huɗu ce: karatu, rubutu, sauraro, da magana. Ukun farko ya sha da ƙyar. Maganar ce ta kayar da shi har sau biyu, dokar kuma sau uku ta yarda mutum ya gwada. Ga shi wa'adin wajen aiki ƙarshen shekarar nan zai cika. In ya faɗi wannan karon, ya rabu da aji biyar ke nan.

Yadda ake jarrabawar maganar ma abin takaici ne. Biyu-biyu ake shiga. A ciki akwai masu jarrabawa biyu, ɗaya na karanto tambaya da fuska kamar bango, ba murmushi, ba gyaɗa kai, don an hana su taimaka ko da ido. Ɗayan na zaune a kusurwa yana sa maki. Sai a ba ku wani batu a ce ku tattauna, ku yi gardama, ku cimma matsaya. Abokin shigarka kuma ba kai ke zaɓa ba. Kwali ake ajiyewa a bakin ƙofa cike da katuna, kowace lamba kati biyu gare ta, kowa ya zura hannu ya zaro, wanda lambarku ta zo ɗaya shi ne naka.

Karon farko ƙuri'a ta haɗa shi da wani saurayi mai baki kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe. Har aka tashe su, abin da Malam ya samu ya faɗa bai wuce "na yarda" ba. Karo na biyu aka ba shi wata baiwar Allah da ta fi shi tsoro. Suka zauna suna kallon juna kamar masu jiran likita, har lokaci ya ƙare.

To, cikin masu kammalawa a shekarar nan akwai wata yarinya da ɗalibai ke kira Rediyo. 'Yar telan da ke layin bayan makarantarsu ce, kuma ta zauna a aji biyar ɗinsa, benci na gaba, 'yar ƙarama mai yawan tambaya. Uban ya rasu tana sakandare, uwar ta gaji keken ɗinkin. Turancinta ba na allo ba ne. Ta tsince shi daga akwatin rediyon da ubanta ke kunnawa a shago, ta ƙara da littattafan aro, ta goge shi da waya, har ya zama in ta buɗe baki malamai kan daina abin da suke yi. Sashensu ya yi shela cewa wanda ya kai matakin ƙoli a jarrabawar nan, a zama na farko, za a riƙe shi ya zama mataimakin malami, a kuma tura shi ƙaro karatu. Gurbi ɗaya ne. Kowa ya san na Rediyo ne, har ana tsokanarta da Farfesa.

Duk da haka in ta hango Malam a harabar jami'a, sai ta baro ƙawayenta ta zo ta rusuna ta gaishe shi, ta karɓi jakarsa ta raka shi har ƙofar aji. Shi kuwa ya riƙa waige yana neman wanda zai gaya wa.

"Ɗalibata ce fa. Ni na koya mata."

Ba ta taɓa musa masa ba.

Ɗalibai kuwa addu'a suke yi kada ƙuri'a ta haɗa su da ita. Suna cewa kusa da Rediyo Turancin kowa tsumma ne, in ka shiga da ita masu maki ma mantawa suke kana ɗakin.

Ranar jarrabawa Malam ya zo da sassafe, da rigarsa da maiɗakinsa ta goge har tana ƙyalli. Barandar ta cika da ɗalibai, wasu na motsa baki suna bita, wasu sun haɗa kai da gwiwa. Ya zura hannu a kwali ya zaro katinsa, ya koma gefe. Can sai ya ji wani saurayi kusa da shi yana salati. Ashe saurayin ya gwada katinsa da na Rediyo, lamba ta zo ɗaya, ya dawo ya jingina da bango yana cewa shi kam tasa ta ƙare.

Kada a ɗora wa Shaiɗan abin da ya biyo baya. Ba raɗa aka yi wa Malam ba, lissafi ya yi, irin na mutumin da ya daɗe da yara ya san halin kowanne. Abin da ɗaliban nan ke tsoro gaskiya ne, amma a kansu. Shi ya san yarinyar da ke karɓar masa jaka ba za ta take shi ta wuce a gaban baƙi ba. Abin da hakan zai jawo mata kuwa bai tsaya ya duba ba. Ya ɗan hango gefen abin, ya kau da kai.

An hana musanya kati, amma mai tsaron ƙofa ya duƙufa yana karɓar wayoyin mutane yana jerawa a tebur. Malam ya matsa.

"Ɗana, kawo naka, ungo nawa."

"Baba, ka tabbata? Rediyo ce fa."

"Na sani."

"Kai, Baba, Allah Ya saka da alheri. Yau ka ceci rai."

Da aka kira lambarsu, Rediyo ta miƙe tana neman saurayin nan da ido, sai ta ga Malam ne ya taso yana gyara riga. Ta dubi katin hannunsa, ta dubi saurayin da ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malam," ta matsa masa ya fara shiga.

Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa tana ƙara, ga tebur da kujeru biyu a jere. Mai tambayar wata mace ce mai tabarau. Mai sa makin yana kusurwa, kansa a ƙasa. A tsakiyar tebur an ajiye na'urar ɗaukar murya, jar fitilarta a kunne.

Aka fara da ɗai-ɗai, kowa da 'yar tambayarsa. Malam ya amsa tasa da abin da ya haddace game da aikinsa, ya kai ƙarshe yana haki. Aka juya kan Rediyo. Ta buɗe baki, magana ta zubo, santsi, ba tuntuɓe, har mai sa maki ya ɗago kai ya dube ta. Malam kuwa rabin abin da ta ce ne ya kama. Gumi ya karyo masa. Ita ma ta gani.

Sai aka zo babban kashin, wanda ya fi ɗaukar maki. Mai tabarau ta karanto batu: wanne ya fi, mutum ya yi aikinsa daga gida ko ya riƙa fita wurin aiki? Ku tattauna. Ta ɗora hannu a kan agogo ta yi shiru.

Malam ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Kansa ya zama fayau. Fanka na ta ƙara. Ya ji ajin nan nasa yana suɓuce masa, da allon, da tagar da ba ta rufuwa, da komai.

Rediyo ta juya kujerarta ta fuskance shi. Cikin Turancin da bai taɓa jin ta yi ba, gajere, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ta tambaye shi: shi da yake malami, zai iya koyar da yara daga gida? Ai nan fagensa ne. Ya ce a'a. Ta ce don me? Ya ce yaro sai da ido. Ta ce ya ba ta misali. Ya ba ta. In ya karkace jimla, sai ta maimaita ta a miƙe kamar mai tabbatar da ta fahimta, ta miƙo masa ya ɗora. In ya tsaya lalube, ta ajiye masa kalmar a cikin tambaya ta gaba, ya tsinta. Manyan kalmominta duk ta naɗe ta ajiye. Ƙirjinsa ya buɗe, murya ta dawo, har ya ɗaga yatsa kamar yana gaban allo, ya yanke hukunci cewa zaman gida lalaci yake koya wa mutum, aikin da ba mai duba shi ba aiki ba ne.

Yarinyar nan tana da amsa goma a kan wannan magana, kowacce ta isa ta kwantar da shi. Gardama aka ce su yi, ita ake saka wa maki. Mai tabarau ma, da aka hana ta taimako, sai da ta leƙo ta saman gilashi ta karanto layin da doka ta yarda mata: ke fa, mene ne ra'ayinki? Ƙofa ce ta buɗe mata, a fili. Rediyo ta dubi Malam, ta ga yadda ya zuba mata ido. Ta ce ta yarda da shi, ba ta taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Mai sa maki ya mayar da kansa ƙasa ya yi rubutu. Shi abin da kunnensa ya ji yake saka wa maki, ba abin da kowa ya sani a baranda ba.

Malam ya fito yana taku ɗai-ɗai. A gida ya ce wa maiɗakinsa ashe abin ba wani abu ba ne, dā ma abokan shiga ne ba ya dace da su.

"Yau kam na yi Turanci. Ita kanta Rediyon sai da ta ce ba ta taɓa tunanin abin da na faɗa ba."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe da Bature nake zaune ban sani ba."

Sakamako ya fito. Malam ya haye, a matakin ƙarshe na masu hayewa, amma hayewa ce. Rediyo ta tsaya a matakin tsakiya. Aka ce tana da kyawun lafazi, sai dai ba ta nuna zurfi ba, ba ta iya kare ra'ayi ba. Gurbin ya tafi ga wani da duk ajin suka san bai kama ƙafarta ba. Ɗalibai suka yi ta surutu kwana biyu, suka ce masu maki ba su da imani, Malam ya taya su cewa haka ne. Ya sa rigar nan mai faɗi, maiɗakinsa ta washe baki a hoto kamar yadda ya ce. Ya kai takardarsa ofis aka buga mata hatimi, aji biyar ya tabbata nasa. Sai dai tun daga lokacin ya daina bin layin tela, ya koma zagayawa ta bakin titi, ya ce wa kansa hanyar ta fi tsabta.

Da aka koma hutu, makarantar ta wayi gari da azuzuwa babu malamai, don waɗanda wa'adi ya kora sun fi waɗanda suka tsira. Aka shiga ɗaukar sababbi masu digiri. Ranar farko hedimasta ya shigo ɗakin malamai da wata a bayansa.

"Ga sabuwar malamar aji ɗaya. Malam, ai ka santa, 'yarka ce."

Rediyo ce, da 'yar jakarta da kwalin alli a hannu. Ta gaishe shi, ya amsa yana duban rajistar da ke gabansa.

Aji ɗaya bango ɗaya ne ya raba shi da aji biyar, bangon ma bai kai rufi ba. Malam ya ba yaransa aikin kwafa ya zauna. Sai ya jiyo ta. Tana tambayar wani yaro da Turanci, gajere, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Yaron ya karkace amsa, ta maimaita ta a miƙe kamar mai tabbatar da ta fahimta, ta miƙa masa. Ya tsaya lalube, ta ajiye masa kalmar a tambaya ta gaba. Da ya tsinta ta ce madalla, ba ta taɓa tunanin haka ba. Yaron ɗan shekara shida ne.

Malam ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da haushin da ya rasa wanda zai ɗora wa. Abin da ya daɗe yana zagaye wa ta bakin titi ya biyo shi har cikin ajinsa.

Da aka fita tara ya same ta a bakin famfo tana wanke allin hannunta.

"'Yar nan, ba za ki sake zama jarrabawar ba?"

"Zama na farko suke dubawa, Malam. An riga an ba wani."

"To me ya sa ranar ba ki yi Turancinki ba? Irin wanda kika fara da shi."

Ta rufe famfo, ta yarfe hannu.

"Da na yi, Malam, da ba ka kai jimla ta biyu ba. Ga baƙi suna kallo. Ba zan iya ba."

"Ai da kin bar ni na faɗi. Ni na ci zamanina, ke ce mai gaba."

Ya faɗe ta da muryar manya, irin wadda ake faɗa don a ce a'a, haba, ba komai. Ita kuwa ba ta ce masa "ba komai" ba. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana benci na gaba, kuma babu faɗa a muryarta.

"Malam, ai don ka san ba zan bar ka ba ka karɓi katin."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka kwaso da gudu suka raba su. Ya koma ajin da ya yi duk wannan dominsa, ya ɗauki alli ya tsaya a gaban allo, yara suka buɗe littafi suna jiransa. Ta bayan bango malamar aji ɗaya ta ci gaba da darasinta.